Shekarar da Na Hana Saniya Kanwa

Safiya da Usman, na san abin da 'ya'yan kawunku Haruna suka faɗa muku tun kuna ƙanana, wai uwarku ta kori ubanta daga gida saboda saniya. Ban taɓa tanka wannan magana ba. Lokacin da ake yaɗa ta ba ni da sararin tsayawa gardama, daga baya kuma na ɗauka ta tsufa ta mutu don kanta. Ashe tana nan da ranta. Ranar sunan 'yar Safiya na ji wata yarinya, wadda ko uwarta ba a aurar ba a wancan lokacin, tana ba ƙawarta labarin a bayan rumfa, har da abin da ban taɓa ji ba. To bari in faɗa muku yadda aka yi, tunda ni kaɗai na rage cikin manyan da abin ya faru a gabansu.

Kakanku Malam Sale a Jazira ya yi ƙarfinsa, wato yankin gonakin auduga da ke kudu da Hartum. A kambo aka haife ni, wato 'yan bukkokin da ma'aikatan auduga ke zama a bakin magudanar ruwa. Da kaka yana tsinkar auduga kamar kowa, sauran shekara kuma yana kiwon shanun masu gonaki. Shanun ba nasa ba ne, ko ɗaya, amma babu wanda ya san su kamarsa. Idan saniya ta ƙi cin abinci shi ake kira, idan haihuwa ta zo da gardama shi ake kira. Mutum ne marar yawan magana, sai dai idan yana tsakanin dabbobi, nan za ka ji bakinsa bai tsaya ba. Da Innarmu ta rasu, gwiwoyinsa kuma suka fara ƙin sunkuyo, sai aikin auduga ya gagare shi. A lokacin ni ina Umdurman da ubanku Adamu, a can ƙarshen Dar Salam, inda gidajen laka suke ƙarewa sai fili fetal har iyakar ganinka. Ba bishiya ko ɗaya. Ruwa a karo ake kawo mana, ganga a kan amalanken jaki. Ubanku ya daɗe yana tallan madarar wasu kafin ya samu ya mallaki shanu biyu, irin masu ruwa biyu, rabi na ƙasa rabi na Turai, baƙi da fari. Ya gina musu zariba jikin katangar gida. Bai daɗe da yin haka ba abokansa suka ja ra'ayinsa zuwa Libiya. Ya ce shekara biyu zai yi. Kun san shekarun da ya yi, kun kuma san yadda ya dawo, wannan wani labari ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a shekarar da nake ba ku labari ba ya nan, kuma ban san ko yana raye ba.

Da tafiyarsa Baba ya tattaro ya dawo wurina, don a ganinsa bai kamata mace ta zauna ita kaɗai a bakin daji da yara biyu ba. Safiya kina da kamar shekara shida, kai Usman kana goye. Ranar da ya iso, kafin ya sha ruwa sai da ya shiga zariba. Ya daɗe yana shafa bayan shanun yana duba haƙoransu. Shi ya raɗa musu suna. Mai yawan fari ya kira ta Fure, babbar mai baƙin kai kuma Baƙuwa, wai don jininta ba na nan ba ne. A duk rayuwarsa wannan ne karo na farko da yake kiwon shanun da za a ce na gidansu ne, kuma na ga yadda abin ya mayar da shi yaro. Ni ke tatsa, ni ke kai madara bakin titi inda masu shayi ke karɓa, amma ci da sha na shanun duk a hannunsa yake. Da wannan madarar muke ci, da ita muke sayen ruwa. Ba mu da wata hanya.

Fure ce ta fara ɗaukar ciki, na huɗu a rayuwarta. Da cikin ya tsufa Baba ya shiga hidimar da ya saba yi a Jazira. Kullum da hantsi sai ya tari masu karo da ke kawo barsim daga gonakin bakin kogi, wannan ɗanyar ciyawa mai laushi da shanu ke mutuwar so, ya zaɓi mafi kore. Ya sa na sayo masa kanwa a Kasuwar Umdurman, wadda mutanen nan ke kira atrun, yana jiƙa ta a kwatarniya yana ba ta ruwan. Ya ce haka ake yi wa mai ciki, kanwa na wanke ciki, tana ƙara ƙarfi, tana kawo nono. Fure ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, har maƙwabta na leƙowa ta katanga suna cewa ma sha Allah. Ta haihu lafiya, ba wahala, ɗan maraƙi namiji, hantsarta cike kamar za ta fashe. Mun kwana da murna.

Washegari da safe na shiga da bokiti na tarar tana tsaye tana rawar jiki, tana ɗaga ƙafa tana ajiyewa kamar ƙasa na ƙona ta. Kafin rana ta ɗaga ta zube. Ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a kan haƙarƙarinta, idanunta a buɗe amma ba ta kallon komai. Na taɓa kunnuwanta na ji su sanyi ƙalau, hancinta a bushe. Baba ya duba ko cizon maciji ne, bai ga komai ba. Ya yi mata hayaƙi, ya yi tofi a ruwa, ya ɗura mata jiƙon kanwa da kwalba. Muka yi ta jira ta tashi. Ranar ta wuce a haka. Sai washegari na ce masa zan je ofishin likitocin dabbobi da ke kusa da kasuwar shanu. Bai ce in je ba, bai ce kada in je ba.

Wadda na samu mace ce, Daktora Su'ad, siririya, ba za ta girme ni ba. Ta biyo ni gida, ta ɗaura tob ɗinta, wato lulluɓin matan nan, a ƙugu ta durƙusa cikin kashin shanu ba tare da ta yamutsa fuska ba. Ta sa na ɗumama wata kwalba a ruwan zafi, ta nemi jijiya a wuyan Fure, ta riƙa sakin maganin a hankali tana sauraron ƙirjinta. Ina kallo saniyar da na fitar da rai da ita ta yi gyatsa, jikinta ya ɗauki rawa, ta yi kashi, ta ɗago kai ta nemi ɗanta. Baba ya ce Allahu akbar. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Ta sake yunƙurawa, suka ƙi. Daktora ta ce ta daɗe a kwance a gefe ɗaya, nauyinta ya danne naman cinyar har ya mutu. Mun yi kwanaki muna juya ta, muna tallafa ta da buhu. Da ya tabbata ba za ta tashi ba, Baba da kansa ya wasa wuƙa. Bai yarda mahauci ya taɓa ta ba sai da ya gama. Ɗan maraƙin ma bai daɗe ba ya bi ta.

Tun ranar da ta fara zuwa, bayan ta wanke hannu, Daktora Su'ad ta tsaya tana kallon Baƙuwa, wadda ita ma ciki gare ta, ƙarami a lokacin. Ta kalli tulin barsim, ta leƙa kwatarniyar kanwa. Da Larabci muka yi maganar, Baba yana zaune a inuwar katanga yana jin komai.

Ta ce, “Ya uhti, 'yar'uwata, wannan haihuwarta ta nawa?”

Na ce ta biyar.

“To ta fi waccan shiga haɗari. Abin da ya kayar da waccan muna kiransa zazzaɓin madara, ko da yake kin ji da hannunki, sanyi jiki ke yi, ba zafi ba. Akwai wani sinadari, kalsiyam, shi ke gina ƙashi, shi ke riƙe ƙarfin jijiya, kuma madara cike take da shi. Ranar da saniya ta haihu, nono yakan zo gaba ɗaya ya kwashe wanda ke cikin jininta. Dole jiki ya yi maza ya ɗebo daga ƙashi ya cike gurbin. Idan ya yi jinkiri sai ta faɗi.”

Na ce to ai sai a ƙara mata abinci mai kyau tun kafin ranar.

Ta girgiza kai. “Nan mutane ke ruɗewa. Barsim cike yake da kalsiyam. Idan tana samunsa a bagas har ranar haihuwa, jikinta zai sangarce, ya manta yadda ake ɗebowa daga ƙashi. Atrun kuma ƙara lalata abin yake yi, yana sa ƙashin ya ƙi saki. Idan ya rage kamar mako uku ta haihu, ki janye barsim, ki janye atrun gaba ɗaya. Ki ba ta busasshen karan dawa iya cinta, da dusar alkama, da ɗan ambas kaɗan, wato tunkuzar gyaɗa, ki barbaɗa mata gishirin Ingilishi, wannan mai ɗaci da ake sha don wanke ciki, a cikin dusar, zan nuna miki awo. Ba yunwa za ki sa ta ba, cikinta zai cika. Jikinta kawai za ki tayar daga barci. Ranar da ta haihu ki dawo mata da barsim, ta ci ta more.”

Baba bai ɗago kai ba ya ce, “Shekara arba'in ina ba shanu kanwa, ya bitti, 'yata. Ban taɓa ganin ta kayar da ko ɗaya ba.”

Ta matsa kusa da shi ta rage murya. “Gaskiyarka, ya hajj. Shanun Jazira da ka yi kiwo, nonon da suke bayarwa jikinsu na iya ɗauka. Wannan a rana ɗaya tana zubar da abin da waɗancan ke yi a kwana uku. Ba irin shanunka ba ce.”

Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma na ga fuskarsa lokacin da ta ce ba irin shanunsa ba ce.

Watanni suka shuɗe ba mu sake tayar da maganar ba. Gidan ya yi shiru tun bayan Fure. Baƙuwa ta ci gaba da ba mu abin da muke rufa asiri da shi har lokacin da ya kamata a daina tatsarta don ta huta. Daga nan sai na koma wankau a gidajen cikin gari, in fita da safe in dawo da azahar. Ni ban san lissafin cikin saniya ba, Baba ne ya riƙe watan da aka kai ta wurin sa, shi ke ƙirga tsayuwar wata. Wata safiya muna shan shayi ya ce, idan wannan watan ya mutu, wanda zai tsaya ba zai kai ƙarshe ba sai ta haihu. Ya faɗa ne da murna. Ni kuwa na san lokacin da Daktora ta ce ya zo.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Idan na bi Baba, Baƙuwa ta faɗi, ba mu da sauran komai, sai dai in kwashe ku mu koma kambo tsinkar auduga, ko in raba ku gidajen dangi. Idan na bi maganar wata mace da na gani sau biyu a rayuwata, ta faɗi duk da haka, to na haɗa asara da saɓa wa uba. Babu wanda zan yi shawara da shi. Uwa ta rasu, miji ba labari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na gani da idona: kwalbar nan ta shiga jijiyar Fure, saniyar da ta kusa mutuwa ta ɗago kai. Wadda ta san abin da ya fita daga jinin har ta mayar da shi, na ce a raina, ta san ta inda yake fita.

Na je Kasuwar Umdurman wurin masu kayan ƙamshi na sayo gishirin Ingilishi, na sa mai karo ya kawo mini damin kara. Na sami Baba na durƙusa na faɗa masa abin da nake so a yi. Ya saurare ni har na gama, ya ce to. Na ɗauka an wuce wurin. Kwana biyu Baƙuwa na cin kara tana tura dusar da hanci saboda ɗacin gishirin, idan ta ji ƙamshin barsim a karon da ke wucewa sai ta kama kuka har unguwa ta ɗauka. Baba ya kasa zama. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya ɗauki buta, ya ajiye. A rana ta uku na dawo daga wankau da wuri, na tarar da shi a zariba, kwatarniyar kanwa a gabanta tana sha, ga ɗanyen barsim a ƙasa wanda ya roƙo wurin maƙwabta. Yana shafa wuyanta yana cewa, sha, sha, 'yar nan, ba za a kashe ki da yunwa ina raye ba.

Na tsaya a ƙofar zariba na ce, “Baba.”

Bai juyo ba. “Dubi idonta, Rakiya. Dabba ba ta da bakin faɗa, amma Allah zai tambaye mu.”

“Baba, haka muka yi wa Fure.”

“Fure kwananta ne ya ƙare.”

“Na yarda. Amma wannan ita kaɗai ta rage wa yaran nan.”

Sai ya juyo. “Wato ni na kashe Fure.”

Na ce ban faɗi haka ba. Ya ce ba sai na faɗa ba. Na shiga na ɗauke kwatarniyar daga gaban saniyar, na kai bayan katanga na zubar. Na dawo na tattara barsim ɗin. Sannan na faɗi maganar da aka juya ta zama kora. Ga ta nan yadda na faɗe ta, ban ƙara ban rage ba:

“Baba, don Allah ka bar mini ita har ta haihu. In ta haihu, taka ce.”

Ya goge hannunsa a jikin rigarsa, ya fita daga zariba, ya ja ƙyauren ya rufe a hankali. Da la'asar ya naɗe buzunsa, ya ɗauki buta da carbi da 'yar jakarsa. Na tare ƙofa ina kuka, na ce ya yi haƙuri, na ce ina zai je da waɗannan gwiwoyin. Ya ce zai je ya ga Haruna a Hartum, ya kwana biyu bai ga jikokinsa na can ba. Ya ce gidan da mutum ba shi da aikin yi a ciki, zama a cikinsa nauyi ne. Safiya, ke kika bi shi har bakin titi riƙe da butar, kika dawo kina tambayata yaushe zai dawo. Na ce miki jibi.

Da Juma'a ta zagayo Yaya Haruna ya zo. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. A tsakar gida ya tsaya yana ɗaga murya yadda duk maƙwabta za su ji, rabi da Hausa rabi da Larabci, wai na fifita maganar bare a kan ta mahaifina, wai tsoho ya iso gidansa ko abinci ba ya iya ci. Na ce Yaya ka shiga ka ga saniyar, ka ga ko yunwa take ji. Ya ce shi bai zo ganin saniya ba. Ya ce in shirya in je in ba Baba haƙuri, in mayar masa da kiwonsa, in ba haka ba kada in ƙara taka gidansa. Na ce haƙuri zan bayar ko sau ɗari ne, amma abincin saniya ba zan canza ba sai ta haihu. Ya kaɗa rigarsa ya fita.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Matan unguwa da muke shan jabana, wato gahawa, tare da hantsi suka janye jiki. Ba su yi mini faɗa ba, kawai dai idan na yi sallama sai hira ta mutu. Na ji ana cewa matar da ta iya hana dabba mai ciki abinci, ta iya fitar da ubanta, ba abin da ba za ta iya ba. Na daina zuwa. In na dawo daga wankau in dafa abinci in ba ku, in zauna da nawa a gaba, in rasa wanda zan ce wa bismilla. Inuwar katangar da Baba ke zama tana nan, rana na matsar da ita daga wannan gefe zuwa wancan, ba kowa a ciki. Nakan kai tabarmata bakin zariba da yamma in zauna ina tsinke wa Baƙuwa kara ƙanana don ta ji daɗin ci. Na koyi jiƙa dusar da ɗan ruwa don gishirin ya ɓuya a ciki, a hankali ta saba. Nakan yi mata magana kamar yadda Baba yake yi, sai dai ni ba lallashi nake ba, tambayarta nake. Ina ce mata, ke kin san ko daidai nake yi? Ita kuwa sai ta ci gaba da tuƙa tana kallon fili. Sheƙin gashinta ya ɗan ragu, ba irin na Fure ba, kuma duk wanda ya leƙo ta katanga abin da yake gani ke nan. Sau da yawa na tashi da niyyar in tari mai barsim a huta. In na tuna sanyin kunnuwan Fure a tafin hannuna sai in koma in zauna.

Ta haihu wata Talata bayan la'asar. Ba kowa sai ni, kai Usman kana bayana, Safiya na leƙe ta ƙyaure. Ƙafafu suka fito, sannan hanci, na kama na taimaka mata kaɗan yadda na sha ganin Baba na yi, ina ja lokacin da take nishi, ina sassautawa in ta huta. 'Yar maraƙa ce, mace, baƙa da farin goshi. Baƙuwa ta miƙe ta hau lasarta. Na ɗura mata kwalbar kalsiyam ta sha da Daktora ta ba ni tun da na je sanar da ita lokaci ya kusa. Na zubo mata barsim ɗin da na saya da safe don na ga alama, ta sa kai ta ci kamar ba za ta ɗago ba. Na tatsi kaɗan na bar saura a hantsa, don an gargaɗe ni kada in ƙwaƙule ta a kwanakin farko. Daga nan aikina ya zama taɓa kunne. In ɗora tukunya in je in taɓa, in idar da salla in je in taɓa. Washegari da safe, daidai lokacin da Fure ta fara rawar jiki, na tsaya a ƙofar zariba na kasa shiga. Da na shiga na tarar tana tsaye da ƙafafunta huɗu, 'yar na tsotso, kunnuwan da ɗumi. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Daktora Su'ad ta biyo ta hanya ta duba ta, ta dafa kafaɗata ta ce mabruk, wato barka, ta wuce wani gida. Da ta tafi na juya don in faɗa wa wani, na ga ba kowa. Na zauna a kan bokiti na yi kukan da ban yi ba duk makonnin nan.

A al'adarmu ta Jazira, dakashi, wato nonon farko mai kauri da saniya ke fitarwa bayan haihuwa, akan dafa shi har ya daskare a raba wa manya. Na dafa na ƙarshensa, na zuba a kwano na ɗaure da ƙyalle. Bayan tatsar safe na goya Usman, na kama hannun Safiya, muka shiga mota zuwa cikin Umdurman, muka haye gada, muka sauka Suk al-Arabi, babbar kasuwar Hartum, cikin turereniyar mutane da ihun yaran mota, muka sake shiga wata zuwa unguwar su Haruna. Ina rungume da kwanon duk hanya. Yaya ba ya gida. Matarsa ta amsa sallamata a daƙile ta nuna mini bayan ɗaki.

Baba yana zaune a kan angarib, gadon igiya, ƙarƙashin 'yar rumfa. Ya rame. Ga kaba a jiƙe a gefensa, yana tufka igiya a kan cinyarsa. Safiya ta ruga ta faɗa jikinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi zafi. Na kwance ƙyallen na tura kwanon gabansa. Ya kalli abin da ke ciki, ya daɗe yana kallo.

“Yaushe?”

“Talata, Baba.”

“Na ce ba za ta kai ƙarshen wata ba. Ta tashi?”

“Ba ta ma kwanta ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya yi bismilla ya gutsura ya ci, ya gutsura ya sa wa Safiya a baki.

“Mace ko namiji?”

“Mace.”

Na ce masa ya yi haƙuri da abin da ya ji zafinsa. Na ce na cika alkawari, ta haihu, yanzu tasa ce, zariba na jiransa. Ya ci gaba da murza kabar har na ɗauka bai ji ba. Can ya ce gwiwoyin sun ƙara tsanani, nan kuma masallaci na kusa. Ya ce na iya, in ci gaba. Babu fushi a muryarsa, kuma wannan ya fi yi mini ciwo, don da fushi ne da na san yadda zan lallashe shi. Na zauna har rana ta karkata ina jira ko zai canza magana. Bai canza ba. Daga baya na sake zuwa, na sake roƙo, har sau nawa ban sani ba. Bai ƙara kwana a Dar Salam ba har Allah ya karɓi abinsa a damina ta biyu, a ɗakin Haruna.

Amma a wannan ranar, da na miƙe don in riski tatsar yamma, sai ya ce in dakata. Ya ƙarasa bakin igiyar, ya ƙulla mata hanci, ya datse sauran kabar da haƙori. Sai a lokacin na lura da ita sosai. Siririya ce, gajera, ba ta isa ɗaure babbar saniya ba, ya murza ta da laushi yadda ba za ta ci fata ba. A ƙarƙashin gadon na hango wasu biyu irinta da ya fara ya watsar.

Ya miƙo mini ya ce, “Kada ki sa mata ta roba, tana cin wuya.”

Mun iso gida rana na gab da faɗuwa, Baƙuwa na kuka hantsa ta cika. Kafin in ɗauki bokiti na kama 'yar maraƙar na zura mata igiyar a wuya. Na sa yatsa biyu tsakanin igiyar da fatarta don in ji ko ta matse. Ba ta matse ba, ba ta kuma yi sako-sako ba. Baba bai taɓa ganin 'yar maraƙar ba, amma igiyar ta yi mata daidai.